Ƙullutu a Ƙirjin Mai Walda

Zuwa ga Likitar Ɓeraye,

Gaisuwa irin ta wanda ya girme ki, ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Ina fatan kina lafiya, ke da ɓerayen gwajinki, da fatan ba su fara kiran ki Mama ba tukuna. Mu nan lafiya lau. Maman yara tana gaishe ki, 'yammatan nan nawa sun girma, har sun fi ni baki. Na leƙa na gaida Gwaggo, mahaifiyarki, ƙafar ta yi sauƙi, bakin ne dai yana nan yadda kika bar shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wayata sunanta tawa ne kawai, kullum tana hannun yaran nan. Kuma maganar ba ta baki ba ce. Na gwada faɗar ta ni kaɗai a bayan shago, muryata ta ƙi fitowa.

To ki gyara zama. Ɗan'uwanki, namiji mai gemu, wanda ke ɗaga ƙyauren ƙarfe shi kaɗai ya ɗora a mota, wai shi ne aka ce yana da kansar nono. Na san kin yi dariya. Ni ma na yi a gaban likitan, ya zuba min ido har na gaji na yi shiru don kaina.

Wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin nonon hagu, kamar ƙwayar wake, ba zafi ba komai. Na ɗauka tartsatsin walda ne ya taɓa ƙona ni wurin ya taurara. Sai kan nonon ya soma shigewa ciki, rannan kuma na ga ɗigon jini a singiletina. Na je wurin likita, ya tsakuro ɗan nama da allura aka auna, ya kira sunan abin, ya tura ni babban asibiti.

Na je, wallahi na je. Ɗaki ne dogo mai benci jere, bangon duk hotunan mata suna duba ƙirjinsu, kuma ba namiji ko ɗaya sai ni. Na zauna a ƙarshen benci na ɗora hulata a gwiwa. Wata dattijuwa ta matsa min, ta ce, "Allah ya saka maka, ba kowane miji ke rako matarsa ba." Na ce amin. Can sai ga nas ta fito, ta ɗaga murya, "Masu rakiya su jira a waje, don Allah Malam a ba mata wuri." Katina na asibiti yana aljihuna, hannuna yana kansa. Na miƙe na ce, "To, ranki ya daɗe," na fita waje, kuma ban tsaya a wajen ba sai da na gan ni a shago.

Ga abin da nake so. Gwaggo tana gaya wa duk wanda ya shiga gidanta cewa 'yarta ta gano ganyen da ke kashe ciwon daji. Ki aiko min da shi, gari ne ko ruwa, in sha abina a shago ba wanda ya sani. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, kin ga ina da haƙƙi a cikin ganyen nan. Na zaɓe ki ne don kina nesa, ba sai na ga idonki ba. Kada kowa ya ji, har Maman yara.

In na warke zan haɗa wa ɓerayenki keji na ƙarfe kyauta, har da fenti.

Yayanki na dole,
Mai Walda


Zuwa ga Sarkin Ƙarya,

Gaisuwa daga wadda ba ta taɓa yarda ka girme ta ba. Lafiyata ƙalau, in ban da sanyin ɗakin gwaje-gwajen nan da ke shiga har ƙashi. Ɓeraye suna amsawa, sun ce kejin ya zama mai bene. A gaida Maman yara da 'yammatana.

Kai, Mai Walda! Wallahi ka iya. A ɗakin cin abinci na buɗe ambulan ɗin, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, wata abokiyar aikina tana ta bubbuga min baya. Wancan karon shago ne ya ƙone ƙurmus, na yini ina kuka, ashe kana can kana miƙe ƙafa. Kafin nan maciji ne ya sare ka. Yanzu kuma abin ya kai ga nono? Amma na sara maka, wannan karon ka yi karatu. Har da kan nono ya shige, har da allura! Wa ya tsara maka?

Ban iya riƙewa ba, nan take na kira Inna, Gwaggon taka, na karanta mata wurin nas ɗin nan da dattijuwar. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce a tambaye ka lamba nawa kake sawa, za ta aiko maka da rigar mama mai leshi.

Batun ganye kuwa, ka san Inna da ƙara gishiri. Bari in gaya maka aikina da yarenka, ko ka daina ce min mai kiwon ɓera. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa don ta sami ƙarfi, kuma duk inda ake ƙona abu sai tartsatsi ya tashi. Jiki yana da nasa masu kashe tartsatsin. In ya yi yawa ya fi ƙarfinsu, sai ya riƙa ƙona kayan cikin ƙwayar, har ya iya taɓa rubutun da ke gaya mata yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya. Ta nan ciwon daji kan samu ƙofa wani lokaci. A cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa akwai sinadaran da ke kashe irin wannan tartsatsin, su nake tatsowa ina gwadawa. Ka ga ni da kai duk sana'a ɗaya muke yi, sai dai ni ba na yin baƙi.

Ka nemo wata ƙaryar, wannan ba ta kama ni ba.

Wadda ta fi ka wayo,
Likitar Ɓeraye


Ɗan'uwana,

Ina gaisuwa. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma yau da gaske nake wannan fatan, ba don a cika takarda ba.

Shiru ya yi yawa. Na saba in na tsokane ka, kafin in juya ka rama ninki biyu. Na kira wayarka ba adadi, ko dai ta yi ta ringi, ko ƙaramar 'yarka ta ɗauka ta ce Baba yana aiki. Na tambayi Inna, ta ce ka zo gaishe ta ka ƙi zama, ka rame, kuma da ta yi maka maganar rigar mama murmushi kawai ka yi ka ce ana jiran ka.

A makon nan aka yi mana taro a wurin aiki, wani likitan tiyata yana nuna hotuna a bango. Sai ga ƙirjin wani mutum, da gashinsa da komai, da dogon tabo a inda nono yake a da. Ba wai ban san maza suna kamuwa ba ne. Na sani sarai, ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai cewa ba shi da yawa a maza amma yana faruwa, kuma sukan makara saboda kunya. Na bar taron ban jira an gama ba, na koma ɗakina na zaro takardarka daga ƙarƙashin littattafai.

Na sake karantawa a tsaye. Wannan karon ban ga abin dariya ko ɗaya ba. Na ga hula a kan gwiwa. Na ga inda ka ce ka zaɓe ni don ba sai ka ga idona ba, layin da na tsallake a karon farko don ina sauri in kai wurin da zan yi dariya. Ka ce kada kowa ya ji, ni kuma ko shayina ban shanye ba na kira Inna, wadda duk dangi sun san magana ba ta kwana a cikinta.

In wasa ne, ka ci ni, na yarda, ka yi ta yi min dariya har mu tsufa, zan fi kowa murna. In kuwa gaskiya ne, ban san da wane ido zan kalle ka ba. Kunya ta hana ni cin abinci. Don girman Allah ka rubuto ko layi ɗaya ne, kuma ka koma asibitin nan, kada ka jira amsata.

Ƙanwarka


Zuwa ga Dakta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, iyali suna lafiya. Takardunki duka biyu sun iso.

Ba wasa ba ne.

Tunda kina son labari, ga shi. Kafin takardarki ta farko ta iso, Gwaggo ta riga ta kira Maman yara. Na dawo daga shago da yamma na tarar suna cin abinci a falo. Ina sa ƙafa Maman yara ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, yaya nonon? An ce har an kore ki daga layin mata." 'Yammatan suka kwashe da dariya, babbar har da faɗuwa daga kujera. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. A raina na ce, to ga ƙofa ta buɗe, faɗi kawai ka huta. Kin san me na yi? Na dafe wurin da hannu, na yi rangwaɗa na zaga falon, na ce ai sai an yi min lalle. Ni na fi kowa dariya a gidan nan. Daga nan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Yanzu duk dangi sun ji. Wanda ya haɗu da ni a hanya sai ya tambaye ni jikin mai jego. Da can abin da ke gabana shi ne yadda zan buɗe baki in faɗa. Yanzu in na faɗa ma dariya za a yi, sai na tuɓe riga kafin a yarda, ni kuwa gara a kashe ni. Singiletina a famfon bayan shago nake wanke su, in shanya a kan rodi. A gida da riga nake kwana, na ce mura ce ke damuna.

Ban ce laifinki ne ke kaɗai ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ƙaryar gobara, ranar da ya zo da gaskiya ma da barkwanci ya naɗo ta. Amma na ɗauka ke da kika yi karatun abin za ki gane. Ya wuce.

Asibiti kuwa ban koma ba, kuma ki daina damun kanki. Ko da ba ki aiko ba, takardarki ta yi min amfani. Ke da hannunki kika rubuta cewa tartsatsi ne ke kawo ciwon, ganye kuma yana kashe tartsatsin. Akwai wani mai magani da ke tsayawa da mota da lasifika a bakin titinmu, na kwatanta masa a matsayin ciwon wata 'yar'uwata, ya haɗa min jarka guda, ganye kala-kala. Na ƙara da wasu ƙwayoyi daga kantin magani, mai kantin ya ce su ma aikinsu ke nan, kashe wannan abin da kika faɗa. Safe da yamma nake sha, ɗaci kamar me.

Ƙullutun ya ɗan ƙara girma, kuma wani ya fito min a hammata. Mai maganin ya ce alama ce mai kyau, ciwon ne ya ji wuta yake neman hanyar gudu.

Ki gaida aiki.

Mai Walda


Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Maman yara da yara. Ban cancanci amsa ba ka amsa, na gode. Ka kira ni Dakta, na ji, kuma na san na ci a kira ni abin da ya fi haka.

Zan ajiye ban-haƙuri a gefe, don in na fara ba zan gama ba, kuma akwai abin da ya fi shi gaggawa. Abin da ke hammatarka ba gudu ciwon yake yi ba. Kaluluwa ce, kuma mai yiwuwa ciwon ne ya isa can. Ta nan yake bi in zai shiga sauran jiki.

Rabin magana na gaya maka a waccan takardar, ina wasa, kai kuma ka ɗauke ta da gaske. Ga sauran rabin. Kashe tartsatsi yana iya taimakon lafiyayyar ƙwaya kafin ta lalace. Amma wadda ta riga ta zama ciwon daji, ita ma tana fama da tartsatsi a cikinta, fiye ma da lafiyayya, don ba ta hutawa, kullum cikin hayayyafa take. Da ƙyar take riƙe kanta kada ta ƙone. Shi ya sa gashin da ake yi da na'ura a asibiti, da wasu daga cikin magungunan, aikinsu shi ne su ƙara mata wuta har ta kasa ɗauka ta mutu. In mutum ya ɗura wa kansa masu kashe tartsatsi da yawa, ana tsoron kada ya zama ciwon yake yi wa fifita. Ban ce na san abin da ke cikin jarkar nan ba. Mai motar ma bai sani ba.

Ka tambaye ni ganyena. Ga gaskiyarsa. Wani gari ne ruwan ƙasa a ɗan kwalba, na tatso shi daga ɓawon wata bishiya. In na ɗiga shi a kan ƙwayoyin ciwon daji a ɗan faranti, suna mutuwa, har in yi ta murna ina ɗaukar hoto. Amma a faranti ko ruwan sabulu ka zuba za su mutu. Da na ba ɓeraye, kaɗan bai yi komai ba, da yawa kuma ya taɓa musu hanta. Nan na tsaya, shekaru ke nan. Akwai magungunan ciwon daji na gaske da aka samo daga itatuwa, ana ba da su a asibiti yau, wataƙila ma a ba ka. Sai dai kafin su kai ga mutum an tace su, an auna su, an san abin da ke warkarwa da abin da ke kisa. Nawa bai kai nan ba, wataƙila ba zai taɓa kaiwa ba. Ɗan'uwana ya miƙo min hannu sau ɗaya a rayuwa, ba ni da abin ba shi sai dariya. Wannan ita ce likitar da Inna ke alfahari da ita.

Ka ajiye jarkar. Ka ɗauki ƙwayoyin nan na kantin magani ka kai wa likita ya gani. Ka koma da katinka, ka miƙa wa nas tun daga ƙofa kafin ta buɗe baki. Irin naka ana yin aiki a cire, kuma mutane da yawa suna tashi su ci gaba da rayuwarsu, amma ba ya jiran mutum ya gama jin kunya.

Kuma ba za ka iya ɗaukar wannan kai kaɗai ba. In bakinka ya kasa, ni zan iya kiran Maman yara in gaya mata. Ni na ɓata, ni ya kamata in gyara.

Ƙanwarka


Dakta,

Muna lafiya.

Kada ki kuskura. Na ce kada ki kuskura ki kira matata. Sau ɗaya kin ɗauki maganata kin kai kasuwa, yanzu kuma kina yi min barazana da ta biyu? Ashe kuskuren da na yi shi ne rubuta miki tun farko. In kika kira ta, ki ɗauka ba ki da ɗan'uwa a gidan nan.

Jarkar ta ƙare, ban sayi wata ba. Ba don ke ba, cikina ne ya ƙi.

Mai Walda


Yayana,

Ina gaisuwa. Ba barazana ba ce, wallahi, tayi ne, kuma na janye shi. Ban kira ba, ba zan kira ba. Jiya Inna ta sake ɗauko zancen a waya tana dariya, na ce mata ruwa ya tafasa a kan wuta, na kashe wayar. Ban iya ce mata ta daina ba, don in na ce za ta tambayi dalili.

Na riƙe bakina a inda bai kamata ba, bayan na sake shi a inda bai kamata ba. Kullum in na shiga ɗakin gwaji na leƙa madubin ƙara girma na ga ƙwayoyin ciwon nan suna rabuwa biyu, kai nake tunawa, sai in kasa aiki. Ba sai ka yafe min ba. Ba sai ka sake rubuto min ba ma. Ka je kawai.

Ƙanwarka


Zuwa ga Likitar Ɓeraye,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake, takardar tana kan tire. Kin daɗe ba ki ji ni ba, na sani. Maman yara tana gaishe ki, wannan karon da gaske ita ta ce a gaishe ki, ba ni na ƙara ba.

An yi aikin. Amma bari in fara daga farko.

Ba ni na gaya mata ba, kada ki ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Ita ta lura ta daɗe ba ta ga singiletina a cikin wanki ba. Rannan da rana tsaka ta zo shago ba sallama, ta zagaya baya, ta same ni tsirara daga wuya zuwa cibiya, ina canza audugar da nake liƙa wa wurin. Na rarumi riga, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Ba ta yi ihu ba. Ta jawo wani tsohon gwangwanin fenti ta kifa ta zauna, ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta ce, "Ranar da na ce maka Hajiya, yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce, "Ka yi rangwaɗa." Na ce na yi. Ta rufe fuska da mayafi. Ni da nake tsoron ta raina ni, sai ga ta tana roƙona gafara a kan gwangwani, ni ma ina roƙon ta, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa.

Washegari muka koma asibiti, ita ta riƙe katin. Likitan tiyata ya duba ranar da aka fara auna ni, ya dube ni, ya ce me ya tsayar da ni duk tsawon wannan lokaci. Na so in ce aiki ne ya yi yawa. Na ce masa kunya. Ya rubuta abin da zai rubuta.

Sun cire nonon duka, sun kwashe kaluluwar hammata, kuma sun sami ciwon a cikinta. Ya ce da na zo tun farko da wataƙila bai kai can ba. Bai yi min alkawarin komai ba, ya ce za mu yi faɗa da shi, akwai ƙarin ruwa na magani, bayansa gashin na'ura. Na kai masa ƙwayoyin nan kamar yadda kika ce, ya karɓe, ya ce kada in sha komai sai ya sani. Hannun ya yi nauyi, ban san yaushe zan sake ɗaga ƙarfe ba. 'Yammatan sun sani. Babbar ta daina shiga ɗakin in ina ciki, uwarta ta ce kunyar dariyar da ta yi ce ke cin ta.

Ke ma na san ita ke cin ki. Ki bari haka nan. Watannin nan da aka rasa, mu biyu muka zubar da su, kuma nawa kason ya fi yawa.

Sai wata magana da likitan ya kawo. Ya ce in namiji ya kamu da irin wannan, sau da yawa akan same shi a jinin gida, don haka 'yan'uwana maza da mata su sani, su riƙa duba kansu. Har ke, tunda tushenmu ɗaya. Na ce masa to, amma a raina na ce sai dai wani, don mun riga mun gaya wa dangi ƙarfe ne ya faɗo min a kafaɗa.

Shekaranjiya sai ga Yaya Babba, wan nan nawa da ba ya ganin kowa da gashi, ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna bakin gado ya ce, "Ƙarfe ne dai ko? Ko nonon ne aka yanke?" Ya fashe da dariya yana dukan cinya. Maman yara ta sunkuyar da kai. Na ji barkwancin ya zo min har bakin leɓe, na san ma wanda zan faɗa, da ya yi dariya har ya yi hawaye. Na haɗiye shi. Na ɓalle maɓallan rigata da hannu ɗaya, a hankali, don ba na iya sauri, na buɗe masa. Na ce, "Shi ne, Yaya. Kuma likita ya ce yana bin jini."

Dariyar ta yanke. Ya kalli ɗinkin, ya kalli bango, ya ce bari ya ɗan sha iska. Ta taga na hango shi a tsakar gida, ya juya wa ɗakin baya, ya waiga hagu da dama ko akwai mai ganin sa, sannan ya cusa hannu cikin riga yana laluben ƙirjinsa.

Ban yi dariya ba. Na ce wa Maman yara ta kira min shi, ta ja mana ƙofa. Ba wurin da ya kamata yake taɓawa ba, sai da na kama hannunsa na nuna masa.

Yayanki,
Mai Walda